Lexus mai ruri ko BYD mai shiru? Ku ba ni shawara kafin in saki kuɗina

Dan_Gwauron_Dutse:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina karanta ku ba na magana, yau dai buƙata ta fito da ni. Shekara tara ke nan ina jan Accord ɗita ta 2010, wadda ake kira Evil Spirit. Ta yi min halacci, amma ta gaji. Na ɗan tara abin da na tara, ga kuɗin wani fili da na sayar, ina so ko sau ɗaya a rayuwa in hau motar da raina yake so, kafin yara su shiga jami'a a manta da ni.

Uku ne a gabana: Lexus IS 350 ta 2019, BMW M340i ta 2020, sai BYD Seal mai lantarki zalla. Ita Seal ɗin wani abokina ne ya ba ni na ɗana a Abuja watan jiya, kuma tun ranar ban dawo daidai ba. Daga danja na taka totur, ƙeyata ta bugi kujera, ba ƙara ba hayaƙi, kamar an harbo ni daga danƙo. Amma da na sauko sai na ji kamar na ci tuwo da miya ba gishiri. Ni mutum ne mai son jin kukan inji.

A Kano nake zaune. Gida zuwa aiki da kai yara makaranta bai wuce kilomita 40 a rana ba. Duk bayan mako biyu ina zuwa Kaduna gaida Hajiyarmu. Layin wutarmu an ce Band A ne, rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa. Ina da 'yar sola ta fitilu da firji da fanka. Don Allah wanda ya riƙe ɗaya daga ciki ya faɗa min gaskiya, ban da abin da aka gani a YouTube.

Sarkin_Totur:
Wa alaikumus salam. M340i, a rufe littafi. Injin B58, silinda shida a jere, lita 3 da turbo, doki 382. Injin da Toyota da kanta ta karɓa ta saka a sabuwar Supra. Me kuma ya rage a faɗa? Mota mai lantarki ai firji ce aka sa wa taya.

Kawu_Panteka:
Sarkin_Totur, ɗana, takarda ka karanta, ni kuwa hannuna ne ke shiga baƙin mai sama da shekara talatin. Ban ce injin ba shi da kyau ba. Motocin Jamus na yanzu ba injin ne ke kayar da su a nan ba, abin da ke kewaye da shi ne: bututun ruwa na roba, famfon ruwa, wayoyi da na'urori kamar gidan gizo. Zafin Afrilu ya dafa robar nan shekara biyu uku, wata rana kana cikin cunkoso sai ka ga tururi. Kuma ba ta son a ce "bari mu lallaɓa zuwa ƙarshen wata". Ranar da ta nemi abu, ranar za ka ba ta.

Sai maganar mai. Duk biyun nan masu fetur, babban mai aka yi su don su sha. In ka ga an rubuta 91 a murfin tankin motar Amurka, a lissafin sauran duniya kusan 95 ke nan. Mu kuwa nan fetur iri ɗaya ne a famfo, ba ka da zaɓi. Lexus ɗin ba ta da turbo, tana haƙuri da abin da ta samu. Mai turbo ba ta da wannan haƙurin. Wanda ya tuna gurɓataccen man Fabrairun 2022 ya san motocin da suka cika mana gareji.

In tsakanin biyun ne, ɗauki Lexus ka yi barci. Kayanta na Ƙofar Ruwa, na Panteka, na Apo, in ya ɓace a kira kasuwar Ladipo ta Legas washegari ya iso. Ta lantarkin kuwa ba zan taɓa ta ba, gaskiya ɗaya ce.

Malam_Lissafi:
Bari mu ajiye soyayya mu ɗauko alƙalami. Kilomita 40 a rana, wata ya ba ka 1,200. Kano zuwa Kaduna kusan 230 ne, zuwa da dawowa sau biyu 920. Mu ce 2,100 a wata.

IS 350 da esi a kunne, a haɗa cikin gari da babbar hanya, mu ba ta lita 12 a kilomita 100. Lita 252 ke nan. In mun ɗauki lita a ₦900, kusan ₦227,000 a wata.

Seal, in an haɗa da wutar da ke salwanta wajen caji, mu ce yunit 19 a kilomita 100. Yunit ɗin nan dai na mitarka ta gida. Kusan yunit 400 a wata. Band A ya fara da ₦225 a Afrilun 2024, daga baya ya dawo ₦209.5. Kusan ₦84,000 ke nan. Bambancin ya haura dubu 140 duk wata, a shekara kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Ban sa juyen baƙin mai da fulogi ba, don ita ba ta da su.

Bakatsine77:
Malam_Lissafi ka manta harajin VAT da ake cira in ka sayi yunit, kashi 7.5. Amma ba wannan ne damuwata ba. Lissafinka ya ɗauka wutar na nan. Band A awa 20 ne a takarda. Mu ma haka aka ce mana, kuɗin Band A muke biya, wutar kuwa sai ta ga dama. Kun manta Oktoban 2024? Sama da mako guda kusan duk Arewa na cikin duhu. Har cajin waya sai da aka yi wa layi. Da mai gidan nan ya sayi Seal a lokacin, adaidaita zai hau zuwa ofis.

Yar_Birni:
To ai layin mai ma mun yi shi, Bakatsine. Ni na taɓa kwana a mota a gidan mai da goyo, ƙarshe wajen 'yan bumburutu na saya, rabinsa Allah kaɗai ya san mene ne. Kowanne da ranar wahalarsa.

Injiniya_Sola:
Akwai wani kuskure da nake ji a duk inda aka yi wannan muhawarar. Mutane na ɗaukar batirin mota kamar tankin da sai ya ƙare ake cikawa. Batirin Seal babba yunit 82 da rabi ne. Mai kilomita 40 a rana yunit 7 ko 8 yake ci. Ma'ana in ya cika yau, zai yi kwana takwas ko tara yana zirga-zirgarsa bai nemi soket ba. Da cajar bango mai kilowat 7, awa ɗaya da 'yan mintuna ta mayar masa da abin da ya ci a yini. Ko layin da ke samun awa shida a rana ya ishe shi. Daga fanko zuwa cika ne ke ɗaukar kusan awa 12.

Kuma Bakatsine, a irin wancan duhun na Oktoba motar ce za ta riƙe gidan. Seal tana fitar da wuta, kusan kilowat 3, ka jona firji da fanka da talabijin. Batirin inbatar da yawancinmu ke da shi a gida yunit 5 ne ko 10. Wannan 82 ne yana zaune a gareji.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma sana'ata ce, ba zan ɓoye ba. Na ɗaya, kada ka sa ran janareta ta cece ka. Ƙaramar janaretar fetur da ƙyar lita ɗaya ta ba ka yunit biyu. Yunit 19 na Malam_Lissafi zai ci lita goma ko fiye, ka dawo shan man Lexus, ga ƙara ga faɗa da maƙwabta. Na biyu, solar da kake da ita ba za ta iya ba. Faifai shida masu wat 550 za su ba ka kusan yunit 14 zuwa 16 a rana mai kyau a Kano, in hunturu ya zo da ƙura ya ragu sai kana wankewa. To amma rana tana gida, mota tana ofis. Ko dai ka sayi batirin ajiya, wanda kuɗi ne na gaske, ko ka mayar da Asabar da Lahadi ranakun caji. Na uku, wayarin gidanka. Na je wani gida na tarar an jona mota a soket ɗin da ake guga, fuskar soket ɗin ta narke ta yi ruwan ƙasa, kana shiga ɗakin warin roba ya tare ka. Caja na son layinta daban tun daga mita, da waya mai kauri, da waya ta ƙasa ta gaske. In wutar unguwarku mai rauni ce, irin wadda fanka ke juyawa kamar mai jin barci, motar za ta ƙi karɓa.

Dan_Gwauron_Dutse:
Na gode ƙwarai Injiniya. Wutarmu dai ba ta kai awa 20, amma takan yi 12 zuwa 14, mafi yawa da dare. Kawu, na ji batun BMW, jikina ya ɗan yi sanyi. Abin da ya fi tsaya min shi ne tafiyar Kaduna.

Direban_Dare:
Kaduna ɗin ce maganar ai. Ni hanyar nan nake ci nake sha. Abu biyu zan faɗa maka da ya shafi duk ukun. Dukansu a ƙasa suke, tsakanin cikinsu da kwalta bai kai tsawon wayar hannunka ba. Tudun rage gudu na cikin unguwa, wanda matasan layi ke ginawa da kansu bayan an buge akuya, sai ka hau shi a karkace kana salati. Bambancin shi ne in Lexus ta gogi ƙasa salansa ce ta ji jiki, mai walda ya gyara. In Seal ta goga, abin da ke shimfiɗe a ƙasanta shi ne batirin, abin da ya fi komai tsada a motar.

Na biyu, buɗe but ɗin Seal ɗin abokinka ka nemi safaya taya. Babu. Tesla ma haka. Wani ɗan famfo ne da ruwan liƙi. Rami ya yanka maka gefen taya bayan Kwanar Ɗangora da magariba, ruwan liƙi ba zai yi maka komai ba. In ka saya, ka nemi safaya ka jefa a but tun ranar farko.

Malam_Lissafi:
Ga lissafin Kaduna. An rubuta wa Seal mai ja da baya kilomita 570, mai ja da ƙafa huɗu 520, a gwajin Turai. Manta da wannan. A gudun babbar hanya da esi, ka ɗauka yunit 20 a kilomita 100. Zuwa zai ci 46, ka isa gidan Hajiya da kusan 36. Dawowa na son wani 46 da ɗan abin ajiya, don haka sai ka ƙara kusan 20 a can. Da ƙaramar cajar da ake sawa a soket, mai kilowat 2 da ɗoriya, awa tara zuwa goma ne na wuta. In kana kwana biyu, kuma unguwar Hajiya na samun wuta, ya yi. In zuwa da dawowa ne a yini ɗaya, bai yi ba.

Direban_Dare:
To ranar da aka bugo waya ƙarfe ɗayan dare aka ce Hajiya ba lafiya, Allah ya kiyaye, batiri na kashi 30 fa? Mai fetur ya tsaya Zariya minti biyar ya wuce.

MamanIlham:
Assalamu alaikum. Ni ina jan mai lantarki a Abuja shekara ɗaya da wata huɗu, 'yar China ce mai ɗan tsayi, ba irin mai gudun da kuke magana ba. Maigida ne ya matsa, ni da farko har fushi na yi. Yanzu in na ari motarsa sai in ji kamar taraktar noma nake ja. Abin da ya fi min daɗi ba kuɗin mai ba ne ma, rashin zuwa gareji ne. Babu "Hajiya a canza wannan, Hajiya wancan ya kusa". Birki ma da wuya in taka sosai, da na ɗaga ƙafa take rage gudu tana mayar da wuta batiri. Ina jiran yara a ƙofar makaranta da esi a kunne rabin awa, ba na jin zuciyata na ƙuna.

Amma ga ɗaya gefen. Wani ya yi baya ya fasa min fitilar gaba a wajen biki. Fitila kawai. Mako bakwai muna jira ta iso daga China, na farko da aka turo ma ba irinta ba ce. Duk tsawon lokacin da salatif nake yawo kamar mai ciwon ido. Da Corolla ce da kafin la'asar an gama. Kuma ba mu taɓa kai ta Zariya garinmu ba, motar maigida muke hawa. Shi ya sa nake ganin mai lantarki ta fi dacewa da gidan da ke da mota biyu.

Sarkin_Totur:
Kun ji ko? Mota biyu. Wato sai ka sayi mota, sannan ka sayo mata mai reno.

Basakkwace_Na_Asali:
Masu cewa firji, ku dai yi a hankali, don ɗanmu na cikin waɗanda suka fara wannan harka. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt a General Motors. Da ya dawo gida ya riƙe NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, daga 2017 zuwa 2023, a zamaninsa aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, aka kuma kafa tashar caji mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Abin da ya sa na kawo Volt: ita tana tafiya da batiri, in ya ƙare akwai injin fetur a ciki da zai ci gaba. Shi ne maganin tambayar Direban_Dare. An daina yin ta a 2019, amma 'yan China suna yin irinta da yawa yanzu, BYD ma na da su.

Kawu_Panteka:
Basakkwace, wato inji da batiri a mota ɗaya. In ta lalace ni da mai rewaya mu haɗu muna kallon juna.

Ku bari in faɗa muku abin da ya sa na ce ba zan taɓa ba, kada a ce tsufa ne. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikinta suna ɗauke da wuta sama da volt 350. Yaran garejinmu da baki suke fere waya, da sukudireba suke gwada ko akwai wuta. Ranar da wani ya yi wa mota irin wannan haka, sai dai a kira iyayensa. Sai an koyar da mutane an ba su kayan aiki tukuna. Na ji ana koyarwa, in ta yaɗu zan tura ƙaramin ɗana, ni dai nawa ya wuce.

BaBarno:
Mu a Maiduguri mun riga ku gani. Tun Disamban 2023 aka ƙaddamar da tasi masu lantarki na gwamnatin jiha, kuma garin da ya daɗe ba wutar ƙasa ke nan bayan an fasa turakun layin Damaturu a 2021. Suna aiki ne don an yi musu wurin cajinsu, suna zagaye cikin gari suna komawa gida. Motar haya mai masauki ɗaya daban, motar mutum mai zuwa ta'aziyya Gaya yau gobe ɗaurin aure Funtuwa daban.

Abu ɗaya zan roƙe ka: kowacce za ka saya, a duba ko ta sha ruwa. Bayan ambaliyar Alau ta Satumban 2024 mun ga yadda motar da ta nutse ke yi. A wanke ta ta yi ƙyalli, bayan wata uku ta fara hauka.

Dillalin_Kwatano:
BaBarno ya taɓo inda nake so. Alhaji mai tambaya, ni sayar da mota nake yi, bari in yi maganar da ba ta yi wa aljihuna daɗi. Yawancin abin da muke kawowa daga Amurka na gwanjon inshora ne, ko ta yi haɗari ko ta sha ruwa. Lexus mai bugu a gaba, mun san yadda za mu duba ta, mun san abin da za a canza. Tesla mai bugu ko mai ruwa kuwa, ciwon na cikin batiri inda ido ba ya gani, kuma kamfanin ba shi da reshe a Najeriya da za ka kai ƙara. Kada ka saya komai arharta.

In Seal ce, tambayi wace kasuwa aka yi wa ita. Wadda aka yi don cikin China bakin cajinta GB/T ne, ta Turai CCS2. In ba su dace da cajar da ka tarar ba sai da mahaɗi. Allonta na iya zuwa da rubutun China, manhajar wayarta ta nemi lambar can. Kuma kilomitar da suke rubutawa a gwajinsu na CLTC ta fi ta Turai kumbura, in ka ga 700 kada ka yi rawa. Kamfanin CFAO ya fara kawo BYD a hukumance a Legas a 2025, samfurin Atto 3 da Dolphin. Ka kira su ka ji ko za su riƙa duba maka Seal ɗin da ba su suka sayar ba, kafin ka biya kowa.

Sai babbar magana. A ƙasar nan Toyota da Lexus asusu ne. Wanda ya sayi Lexus lokacin da dala take 460, da ta haura 1,500 ya sayar da ita sama da yadda ya saya bayan ya more ta. Ka kawo min IS 350 yau, kafin Juma'a na samo maka mai saye. Ka kawo min mai lantarki 'yar shekara biyar, tambayar farko "batirin saura nawa?", kuma ba ni da amsar da mai saye zai yarda da ita. Miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai na Malam_Lissafi na iya tafiya a nan gaba ɗaya.

Injiniya_Sola:
Oga Dillali, batun batiri ana ɗan zuzuta shi. Tsoron ya samo asali ne daga Nissan Leaf ta farko, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya, ya sha wahala a wurare masu zafi irin Arizona. Na Seal nau'in LFP ne, ana sanyaya shi, ya fi jure zafi, kuma ba ya damuwa in ka cika shi ɗari bisa ɗari. Ana iya jona na'ura a karanta lafiyarsa kamar yadda ake duba na waya. Amma na yarda da kai cewa kasuwa ba ta san wannan ba tukuna, kuma kasuwa ce ke yanka farashi, ba ni ba.

Bako_a_Ingila:
Ni Tesla Model 3 nake ja shekara uku, ban taɓa nadama ba. Duniya ta wuce wajen. A Norway kusan kashi 89 na sabbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne. Habasha ma ta hana shigo da motocin fetur na hawa a 2024. Najeriya ta cire wa masu lantarki VAT a shekarar. Ku daina tsoro.

Bakatsine77:
Yallaɓai na Ingila, yaushe rabon da a ɗauke maka wuta? Ka zo Ƙofar Ƙaura da Model 3 ɗin ka yi wata ɗaya, sai mu ci gaba da hirar.

Dan_Maradi:
Mu nan Nijar da aka yanke mana wutar Najeriya a Agustan 2023 sai da aka shafe wata bakwai. Ga matatar Zinder muna da ita, an ma rage lita zuwa sefa 499 a 2024, amma a Maris na 2025 sai ga layin mai har ba a ganin ƙarshensa. Shi ya sa ni na daina yarda da kowa sai rana. Wadda za ta ci daga rufin ɗakina ita zan saya, in Allah ya hore.

Baba_Na_Fagge:
Na karanta tun daga sama. Kowa na ta doki 382, wani na daƙiƙa kaza zuwa gudun ɗari. An ce min ita Seal ɗin har an manna mata 3.8 a baya don a san saurinta. Ɗana mai tambaya, ina za ka da wannan gudun? Dokar hanya ɗari ce a babban titi. Tsakanin Kano da Zariya akwai mai babur da buhu uku, akwai shanu, akwai tirelar da ta mutu ba alama sai ganye. Kai ne ka ce kana da yara kana da mahaifiya. Kuma mota mai shiru a lungunanmu, inda yara ke wasa a titi, almajiri na tafe da baya, makaho na bin ƙara da kunne, sai ka ninka kula. Ban hana ka jin daɗin kuɗinka ba, halal ɗinka ne.

Dan_Gwauron_Dutse:
Baba na ji, Allah ya ƙara girma. Wallahi ba tsere nake so ba. Kawai in na zo wuce tirela in ji motar ta amsa.

Zazzau_V6:
To me ya hana ka sayi Lexus ɗin ka mayar da ita gas? CNG ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, ka samu kukan injinka ka samu sauƙi.

Kawu_Panteka:
Haba Zazzau. But ɗin IS ɗin da ko buhun shinkafa biyu da ƙyar, ka cusa masa tukunyar gas, kayan Hajiya a ina za a sa? Kuma injinta na fesa mai kai tsaye cikin silinda, ba irin na Sharon da Golf ba ne da ake juyawa cikin yini ɗaya. Ga layin shan gas ɗin. Wanda zai yi haka ya sayi Camry ya huta.

Dan_Gwauron_Dutse, in ka tsaya kan Lexus, a ɗaga ta a duba abin nan mai tace hayaƙi na cikin salansa da ake kira indomi. Ana sace shi tun a hanya a liƙe wurin. In babu shi tana iya ƙara shan mai, lissafin Malam na lita 12 ya tashi.

Sarkin_Totur:
Tunda dattawa sun taru a kaina, bari in faɗi gaskiya. Na taɓa riƙe wata Bajamushiya mai turbo, ba sai na kira suna ba. Wata goma sha huɗu, biyar daga ciki a gareji ta yi su. Amma wata taran nan da ta yi a hannuna, in na fito da asuba titi ba kowa, na sauke gilas ina jin ta tana canza giya, har yau ban hau abin da ya kai ta ba. Na hau mai lantarki, ta fi ta fizga, ban musa ba. Sau uku ka taka ka gama ganin abin da ke gare ta. Ni dai a bar ni da haukata.

MamanIlham:
Duk an yi ta magana ba wanda ya tambaya: uwargida me ta ce? Kuma Accord ɗin sayarwa za ka yi? In ka bar ta a gida ai ka zama mai mota biyu, tafiyar dare ta samu mai yi.

Dan_Gwauron_Dutse:
Hajiya MamanIlham kin kama ni. Ita tun farko cewa ta yi in sayi Highlander kowa ya samu wurin zama, in daina abin yara. Ban kawo ta cikin jerin ba don na san za ku goya mata baya. Batun barin Accord kuwa ban yi tunaninsa ba sam, kuɗinta na sa a lissafin cikon. In na bar ta, M340i ta fita, dama Kawu ya riga ya kashe min ita. Saura Lexus ba tare da Accord ba, ko Seal da tsohuwa a gefe, sai kuɗin caja da wayari da Injiniya ya lissafo.

Jibi zan shiga Kaduna. Zan duba mitar gidan Hajiya in tambayi ƙanwata awa nawa suke samu. Abokin nawa kuma ya ce in na isa in zo Abuja mu tafi Kaduna da Seal ɗin mu dawo, in gani da idona.

Direban_Dare:
Ku tafi da safaya.

Injiniya_Sola:
In ka je ka ɗauko min hoton akwatin fis na gidan da na soket ɗin da ke kusa da inda ake ajiye mota. Ka sa a auna ƙarfin wutar da misalin takwas na dare, lokacin da kowa ya kunna kayansa, ba da rana ba.

Bakatsine77:
Highlander ɗin dai za a saya, ku rubuta ku ajiye.

Kawu_Panteka:
In ka fasa barin Accord ɗin, silinda huɗu ce ko shida? Giyarta ba ta fizga? Ina da mai nema.